Yadda ake sayen manyan faifan ajiya na hannu don akwatin NAS na gida

Manyan cibiyoyin adana bayanai suna sauke faifansu bayan 'yan shekaru ko da lafiyarsu ƙalau, kamfanonin da ke ƙera faifan kuma suna gyara waɗanda aka mayar musu su sake fito da su. Ta waɗannan hanyoyi biyu ne faifai masu terabait 12, 16, 18 zuwa sama suke shigowa kasuwa da rahusa. Ga wanda ke da NAS a gida, wato ƙaramin akwatin nan mai ɗauke da faifai wanda kowace waya da kwamfuta a gidan ke iya ajiya a cikinsa, wannan hanya ce mai kyau ta samun fili mai yawa. Sharaɗin guda ɗaya ne: ko fayil ɗaya kada ya hau faifan sai ya ci jarrabawa, kuma jarrabawar ta ƙare kafin wa'adin mayar da kaya ya cika.

Kayan da za ka tanada

- Kwamfutar tebur mai ramin SATA (inda ake jona faifai a cikin kwamfuta) da ba a amfani da shi, ko shi kansa NAS ɗin idan yana da gurbi a sake.
- Wayar SATA mai kyau, da wata ta canji.
- Manhajar smartmontools mai karanta lafiyar faifai da umarnin smartctl, fitowa ta 7.4 ko sama, da badblocks mai neman wuraren da suka lalace, idan Linux kake amfani da shi. A Windows, CrystalDiskInfo.
- Fanka ƙarama da za ta riƙa hura faifan.
- UPS, domin gwajin kwanaki yake ɗauka.
- Sukurudireba, notikan faifai, da salatif ɗin Kapton mai jure zafi.
- Waya mai kyamara, da littafin rubuta lambobi.

In babu ramin SATA, akwatin USB mai nasa cajar daban zai yi, amma ka tabbata yana barin bayanan SMART, wato rahoton da faifai ke ajiyewa kan lafiyar kansa, su wuce. Wasu ba sa bari sai an ƙara -d sat a umarnin smartctl, wasu kuwa sam. In kuma babu Linux, saka shi a filas ka tayar da kwamfutar da shi, ba sai ka taɓa Windows ɗinka ba.

1. Fara da sanin abin da akwatinka ke iya ɗauka

Shiga shafin kamfanin da ya yi NAS ɗin ka duba jerin faifan da ya amince da su, da iyakar girman ma'ajiya guda. Tsofaffin akwatuna masu ƙwaƙwalwar bit 32 sukan tsaya a terabait 16, komai girman faifan da ka cusa. Duba tiren ma: manyan faifai da yawa ba su da ramin noti na tsakiya, don haka tsohon tire zai iya ƙin kama su daidai.

Sai wuta. Babban faifai yana cin kamar wat 5 zuwa 6 yana zaune, ya kai wajen 10 yana aiki, amma a lokacin tashi yakan ja kusan amfiya 2 a layin bolt 12. Faifai 6 su tashi tare, amfiya 12 ke nan a 'yan daƙiƙoƙi. Ƙaramin akwatin wuta ba zai ɗauka ba, kuma alamarsa ita ce faifai ya riƙa ɓacewa yana dawowa, ka yi ta zargin faifan alhali yunwar wuta ce.

2. Karanta lambar samfuri, ka ƙyale sunan talla

A nan ne mafi yawan sabbin shiga suke zubar da kuɗinsu. Faifan da za ka fi cin karo da su iri uku ne: Seagate Exos, WD Ultrastar wanda asalinsa na HGST ne, da jerin MG na Toshiba. Dukkansu an yi su ne don aiki ba dare ba rana, suna juyi 7,200 a minti, manyan cikinsu kuma an cika su da iskar hiliyam an like. Amma suna ɗaya yakan ƙunshi samfura da yawa, kuma harafi ɗaya ko biyu ne ke raba wanda zai yi maka aiki da wanda ba zai yi ba. Abu uku za ka tantance.

Na farko, SATA ne ko SAS. Faifan SAS ya fi araha a kasuwar na hannu saboda masu sayensa kaɗan ne, kuma ba ya aiki a ramin SATA ko da ka sami abin da zai haɗa bakinsu. Sai da kati na musamman da ake kira HBA. Misali, Exos mai terabait 18 mai lamba ST18000NM000J SATA ne, ST18000NM004J kuwa SAS ne. A Ultrastar HC550, WUH721818ALE6L4 SATA ne, WUH721818AL5204 SAS. A Toshiba, ACA a tsakiyar lamba na nufin SATA, SCA na nufin SAS. A hoto ma ana ganewa: bakin SATA yana da giɓi tsakanin ɓangaren bayanai da na wuta, na SAS a haɗe yake.

Na biyu, CMR ne ko SMR. A faifan CMR kowane layin rubutu daban yake, a na SMR kuwa layukan suna hawa gefen juna, don haka gyara layi ɗaya yana tilasta sake rubuta maƙwabtansa. Idan aka matsa masa da rubutu mai tsawo, kamar lokacin sake gina RAID, wato rukunin faifan da aka haɗa don kada mutuwar ɗaya ta ɓatar da bayanai, sai ya yi nauyi har NAS ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. A 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce bayan an gano wasu faifan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 SMR ne ba a faɗa ba. Akwai ma wanda ya fi wannan muni ga mai gida: irin SMR ɗin da sai kwamfuta ce ke tsara masa rubutu, kamar Ultrastar HC620 da HC650. NAS na gida ba ya iya sarrafa su. Idan ka ga faifan terabait 20 da arahar da ta ba ka mamaki, fara zargin wannan. CMR kaɗai za ka saya.

Na uku, girman sekta, wato ƙananan gidajen da faifai ke zuba bayanai a ciki. Nemi 512e, shi ne kowane akwati ya sani. 4Kn yana aiki a sababbin na'urori, amma kada ka gauraya shi da 512e a rukuni ɗaya. Faifan SAS da aka ciro daga manyan na'urorin kamfanoni wani lokaci suna zuwa da sekta mai bait 520, sai an sake tsara su da sg_format, aikin da kan cinye yini guda.

Duk mai sayarwar da bai rubuta cikakkiyar lambar samfuri ba, ko ya rubuta cewa samfurin na iya bambanta da na hoto, wuce shi. Ba a cinikin biri a sama.

3. Gane wane irin na hannu ne, sannan ka zaɓi mai sayarwa

Za ka ga kalmomi uku a tallace-tallace. Manufacturer recertified shi ne wanda kamfanin da ya ƙera shi ya karɓa, ya gwada, ya manna masa sabuwar takarda mai nuna haka. Seller refurbished kuwa ɗan kasuwa ne ya yi masa kwaskwarima, wadda za ta iya zama cikakken gwaji, za ta iya zama goge ƙura da share bayanai kawai. Used ko pull shi ne wanda aka ciro daga na'ura aka sayar yadda yake.

A ganina na farko ya fi dacewa da mai koyo. Na uku ma ba laifi idan mai sayarwa ya nuna rahoton SMART na wannan faifan da kansa, domin aƙalla ba a taɓa tarihinsa ba. Na tsakiya ne mai buƙatar bincike, saboda a nan ake yawan mayar da agogon faifai sifili.

Kafin ka biya, ka sami amsar waɗannan a rubuce: garantin wata nawa ne, kuma wa ke ɗauke da shi? Kwana nawa ne wa'adin mayarwa? Wa ke biyan kuɗin aikawa idan kaya ya zo a lalace? Sabon faifan wannan aji yana zuwa da garantin shekara 5, amma na hannu yawanci garantin ɗan kasuwa ne, in ya rufe shago garantin ya bi shi. Wa'adin mayarwar da bai kai kwana 30 ba zai takura ka, za ka ga dalili a mataki na 8. Ka kuma tambayi yadda yake naɗe kaya. Faifai a cikin ambulan mai kumfa, ba soso ba kwali, ya riga ya sha wuya kafin ya iso.

4. Yanke yawan da za ka saya

Ka lissafa da faifan da zai mutu, domin wani zai mutu. Sake gina rukuni bayan mutuwar faifan terabait 18 yana cin fiye da yini, kuma duk tsawon lokacin sauran faifan suna aiki iya ƙarfinsu. Idan tsaron faifai ɗaya kawai gare ka, kamar RAID 5 ko RAIDZ1, na biyu ya gaza a wannan tsakanin, komai ya tafi. Ga faifai 2, yi madubi, wato RAID 1. Daga 4 zuwa sama, ɗauki RAID 6, RAIDZ2 ko SHR-2, masu jure mutuwar faifai biyu. Faifai 4 masu terabait 18 a haka za su ba ka terabait 36.

Kada ka firgita idan kwamfuta ta nuna faifan terabait 18 a matsayin 16.4. Kamfani yana ƙirga da 1,000, kwamfuta da 1,024, ba a cuce ka ba.

Rarar kuɗin da ka samu, sayi faifai ɗaya na ko-ta-kwana da ita, ka gwada shi tare da sauran ka ajiye. In da hali, raba sayen gida biyu ko ka bar tazarar makonni, don kada duk su zama 'yan ɗaki ɗaya da suka sha zafi ɗaya da jijjiga ɗaya.

5. Ranar da kaya ya iso

Ɗauki hoton kwalin kafin ka buɗe, da na naɗin ciki, da na takardar da ke jikin kowane faifai. Duba kusurwoyi ko akwai lotsawa, duba bakin SATA ko ya tsage. Faifan hiliyam da ya lotsa, mayar da shi ba sai ka gwada ba. Rubuta siriyal da ranar ƙira, ka shigar da siriyal ɗin a shafin garanti na kamfanin ka ga abin da zai ce. Idan kayan ya fito daga wuri mai sanyi, bar shi cikin ledarsa na wasu awanni ya daidaita da ɗakin, saboda raɓa.

6. Haɗa shi

Kashe kwamfuta, taɓa ƙarfen jikinta don sauke wutar da ke jikinka, ka kwantar da faifan a wuri mai tauri inda ba za a ture shi ba, fanka na hura shi. Kada ka motsa faifai yana juyi.

Idan ka kunna bai ko motsa ba, kada ka yanke cewa matacce ne. Faifan kamfanoni da yawa suna amfani da fil na 3 na bakin wuta a matsayin makunni: in ya ga bolt 3.3 a wurin, ba zai tashi ba, tsofaffin akwatunan wuta kuwa kullum suna ba da ita. Maganin shi ne ka yanki siririn salatif ɗin Kapton ka rufe fil ɗin. Ƙirga daga gefen da ke kusa da bakin bayanai, kuma in ka rufe na 1 zuwa na 3 gaba ɗaya babu illa, ya ma fi sauƙin mannawa. Wata hanyar ita ce wayar da ke juya Molex, tsohon bakin wuta mai fil 4, zuwa SATA, tunda ba ta da layin 3.3, sai dai ka guji masu arahar nan da aka narka roba a kan wayoyinsu, suna iya kamawa da wuta. Akwatunan NAS na kamfani galibi ba su da wannan matsala.

Saurari sautinsa. Faifan wannan aji sun fi na gida ƙara, wasu ma suna ɗan bugu kowane 'yan daƙiƙoƙi ko ba a aiki, wannan ba komai. Wanda ke ƙwas-ƙwas a jere yana tashi yana mutuwa, ko yana kukan ƙarfe na gugar ƙarfe, shi ne na mayarwa.

7. Karatun farko na SMART

Gano sunan faifan da lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL, ka tabbata siriyal da girma sun yi daidai da na takardar jikinsa. Sannan smartctl -x /dev/sdX, inda X yake harafin faifanka, ka adana sakamakon a fayil. Kada kalmar PASSED ta ruɗe ka, faifai yana iya nuna ta yana gab da mutuwa. Ginshiƙin RAW_VALUE za ka duba:

- 5, sektocin da suka lalace aka musanya: 0.
- 197, sektocin da ake shakka a kansu: 0.
- 198 da 187, kurakuran da suka gagara gyaruwa: 0.
- 188, umarnin da faifan ya kasa amsawa a kan lokaci: 0 ko kusa da haka.
- 199: laifin waya ne yawanci. Lambar ba ta komawa baya, abin lura shi ne kada ta ƙaru.
- 9, awannin aiki. Shekara awa 8,760 ce, saboda haka 35,000 kusan shekara 4 ke nan.
- 22 a faifan WD da HGST, yawan hiliyam: a nan ginshiƙin VALUE ake dubawa, ya kasance 100.

A faifan Seagate, lamba 1 da lamba 7 sukan nuna miliyoyi. Haka suke ƙirga, ba cuta ba ce. Faifan SAS kuma ba ya kawo wannan jeri, nemi layin grown defect list, ya zama 0.

Awanni da yawa ba su ne abin tsoro ba. Faifai mai awa 30,000 da ba tabo ya fi mini mai awa 2,000 da ya fara musanya sekta. Abin tsoro shi ne ƙarya. Seagate yana da wani kundi na biyu mai suna FARM, ana karanta shi da smartctl -l farm /dev/sdX. A farkon 2025 an bankaɗo faifan Exos masu yawa da wasu 'yan kasuwa suka sayar a matsayin sababbi, SMART na cewa ba su yi aiki ba, FARM na nuna awa dubbai. Kwatanta biyun. In sun saɓa a kan faifan da aka ce maka sabo ne, mayar. In an faɗa maka na hannu ne, to ka san shekarunsa na gaskiya ke nan. Ko sun dace ma ba ka gama ba, duk abin da aka rubuta ana iya goge shi, gwaji ne kaɗai ba a yi wa dabara.

8. Gwajin gaske

Fara da gajere: smartctl -t short, minti 2 ne. Sai mai tsawo, smartctl -t long, wanda ke karanta faifan daga farko har ƙarshe, ya fi yini a kan terabait 18. Ana ganin sakamako da smartctl -l selftest.

Sai gwajin rubutu, wanda ya fi kowanne tona asiri, domin sekta mai rauni sau da yawa ba ta bayyana sai an rubuta an sake karantawa:

badblocks -wsv -b 8192 /dev/sdX

Wannan umarni yana shafe duk abin da ke kan faifan da aka nuna masa, ba ya tambaya. Haruffan sda da sdb suna iya sauya wuri bayan an sake kunna kwamfuta, don haka duba siriyal kowane lokaci, ko ka yi amfani da sunayen da ke /dev/disk/by-id. Mafi aminci, cire duk faifan da ke da bayananka daga kwamfutar.

Dalilin 8192: badblocks ba ya ƙirga fiye da tubali kusan biliyan 4.3. Da -b 4096 zai tsaya a wajen terabait 17.6, ya ishi faifan 16 amma zai ƙi na 18.

Yi lissafin lokaci tun yanzu. A matsakaicin gudun megabait 200 a daƙiƙa, zagaye ɗaya a kan terabait 18 awa 25 ne. Shi kuwa badblocks yana rubuta salo 4, yana karanta kowanne, zagaye 8 ke nan, sama da kwana 8. Haɗa da gwaji mai tsawo kafin da bayan, ka doshi kwana 11. Shi ya sa ake fara gwaji ranar da kaya ya iso, a kuma gwada duk faifan a lokaci guda, kowanne a tagarsa. Yi aikin a cikin manhajar tmux ko screen, masu barin umarni ya ci gaba ko an rufe taga, don kada yankewar haɗi ta kashe shi. In lokaci ya ƙure, ƙara -t random, salo ɗaya ne, kwana 2 da 'yan awanni, kuma yana kama mafi yawan matsaloli.

A Windows, yi fomat cikakke, wato ka cire alamar Quick Format, zai rubuta sifili a ko'ina. A tsarin raba faifai ka zaɓi GPT, domin MBR ba ya wuce terabait 2. Bayan nan ka yi gwaji mai tsawo da manhajar kamfanin, kamar SeaTools. Hana kwamfutar yin barci kafin ka fara.

Riƙa leƙa lamba 194 a rahoton SMART, ita ce zafin faifan. Ƙasa da digiri 45 ake so. Ya haura 50, ƙara iska. Faifan da aka bari a kan tebur ba fanka yana rubutu kwana da kwanaki zai yi zafin da hannu ba ya jurewa.

9. Yanke hukunci

Sake ɗaukar smartctl -x ka jera shi da na farko. Idan 5, 187, 197 ko 198 ta tashi daga 0 ko da da ɗaya ne, ko badblocks ya kawo kuskure, ko gwaji mai tsawo ya tsaya da read failure, faifan ya faɗi. Kada ka ce ai sekta 8 ce kawai cikin biliyoyi. Wanda ya fara zubar da sekta a makon farko yawanci ci gaba yake yi, kuma yanzu ne kake da damar mayarwa. Tura wa mai sayarwa rahotannin biyu da hotuna, ka naɗe shi cikin kwalin da ya zo.

In 199 ce kaɗai ta ƙaru, canza waya ka maimaita. In faifan ya ɓace ana tsakiyar gwaji, gwada wata wayar wuta da wani rami kafin ka ɗora masa laifi.

10. Saka shi a NAS

Ɗaure kowane faifai da duk notin da ya samu rami, jijjiga tana rage gudu tana gajiyar da maƙwabta. Manna ƙaramar takarda mai haruffan ƙarshe na siriyal a gaban kowane tire. Ranar da ɗaya ya mutu, zare lafiyayye bisa kuskure yana iya rusa rukunin gaba ɗaya.

Idan musanya kake yi don ƙara girma, ɗaya bayan ɗaya ake yi, a jira ginin ya kammala kafin a taɓa na gaba, kuma sabon kada ya gaza tsohon ko da da sekta guda. Saita gajeren gwajin SMART kowane mako, mai tsawo da scrub (karanta duk bayanan rukunin don gano kurakurai) kowane wata, ka kunna sanarwa ta imel ko ta waya, ka kuma aika ta gwaji ka ga ta iso. Haɗa UPS da NAS ɗin ta USB don ya kashe kansa cikin tsari idan wuta ta ɗauke.

RAID ba ya dawo da fayil ɗin da ka goge, ba ya tare ɓarawo, gobara ko manhajar masu garkuwa da bayanai. Abin da ba za ka iya sake samu ba, ya kasance kwafi 3, a kan na'urori iri 2, ɗaya a wani wuri daban. A wata 3 na farko ka riƙa duba lambobi 5 da 197 kowane mako, ka kuma rubuta ranar ƙarewar garantin kowane faifai kusa da siriyal ɗinsa.